Kujerar Baƙo a Motar Ɗana

Ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba. Haka na taso na ga mahaifina yana yi da yayanmu, haka na ga dattawan unguwarmu a Katsina suna yi, kuma karatun da na yi a kwalejin horon malamai, da shekarun da na shafe ina sufeton makarantu, ba su nuna mini dalilin sauya wannan ba. Akwai kunya tsakanin mutum da ɗan farinsa. Ba a kama sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a yabonsa, ba a kuma tambayarsa abin da ke ransa. Ƙannensa kan zo su zauna a gefen tabarmata su yi ta zuba, shi kuwa sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri, ya tashi. Mahaifiyarsa ma ta fi ni kunyarsa. Duk wata magana mai nauyi da ta taɓa shiga tsakaninmu, ƙanwata ce ta ɗauke ta, wato gwaggonsa wadda ta raine shi. Allah ya yi mata rasuwa shekarar da ta gabaci tafiyar da zan ba da labari.

Cutar yanar ido ce ta rufe mini ido ɗaya, ta fara taɓa na biyu. Yaron yana Doha shekaru masu yawa, yana tuƙa babbar mota mai hawan yashi a wani ƙaramin kamfani da ke kai 'yan yawon buɗe ido cikin hamada. Ta bakin ƙaninsa ya aiko cewa in zo a duba ni. Kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama kuma shi ne mai kamfanin, ya taimaka aka samo mini biza. Na sauka cikin sanyi, aka yi aikin ido lafiya, na soma ganin harafi ƙarami kamar lokacin samartaka. Ina shirin komawa gida aka ce annoba ta shigo. Aka rufe filin jirgi a can gida, aka rufe masallatai da kasuwanni a nan, aka ce dattijo irina kada ya leƙa ko ƙofa.

Mazauninsa a unguwar Al Aziziya yake, cikin wani babban gida da aka yanka ɗaki-ɗaki aka zuba ma'aikata. Ɗaki guda ne da 'yar barandar girki. Ya bar mini gado, shi ya shimfiɗa katifa a baranda, inda sanyin na'ura ba ya isa sosai. Tunda aka haife shi ba mu taɓa kwana da bango ɗaya kaɗai a tsakaninmu ba. Yakan ajiye mini abinci ya koma waje ya ci nasa. Idan ina bukatar wani abu, sai in faɗa a fili ina duban taga, in ce, “Da za a samu ruwan zafi, da an yi alwala da shi.” Ba a jimawa sai in ga buta a gefen ƙafata.

Kafin kullen, abokan aikinsa direbobi, 'yan Kano da 'yan Sakkwato, sun riƙa zuwa gaishe ni, kuma daga bakinsu na fahimci yadda sana'ar take. A da, yawancin baƙinsu daga maƙwabtan ƙasashe suke zuwa ta mota a ƙarshen mako, iyali guda da tukwanensu da yaransu. Sai aka wayi gari maƙwabtan nan sun yi fushi da ƙasar, sun rufe iyakar ƙasa da ta sama. Kowace babbar ƙasa ta duniya tana da wanda take goya wa baya a rigimar, wata tana da sansanin soja a nan tana kuma sayar wa can makamai, kowa yana kiran a yi sulhu yana kuma duba abin da zai samu. Direbobin ba su san kan zancen ba, sun dai san cewa kujerun bayansu sun zama wayam. Da ƙyar suka farfaɗo da Turawan da manyan jiragen ruwa ke saukewa, da waɗanda ke yada zango kafin su canja jirgin sama. Suna cikin farfaɗowar nan annoba ta zo ta kwashe sauran.

Motar tana fake a ƙofar gida ƙarƙashin wata rumfa. Kowace safiya, da sabon idona, nakan hango shi ta taga yana goge ta, ya duba tayoyi, ya kunna inji ya saurara, ya kashe. Babu inda za ta je.

Ni kuwa rediyo ce abokiyar zamana, kuma ni mutum ne da ya saba, idan ya ji labarin duniya, ya yi sharhi. Haka nake yi a zaurena, haka na ci gaba da yi a ɗakin nan, ga bango, ga taga. Na ce ƙasar da ta jingina abincin mutanenta ga zuwan baƙo ta miƙa mabuɗin rumbunta ga wanda ba ta sani ba. Na ce jiya maƙwabci ya rufe ƙofa, yau ciwo ya rufe, gobe wata babbar ƙasa za ta gaya wa mutanenta kada su zo, shi ke nan. Na ce mu da muka taso a kan gero da dawa, ko sarakunan duniya sun yi faɗa, damina ba ta neman izininsu. Har yau ina nan a kan wannan ra'ayi, kuma da za a ba ni allo da alli da na kare shi a gaban kowa. Sai dai ɗakin ƙarami ne, barandar kuma ba ta da ƙofa.

A saman benen gidan akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Kaduna, wadda Hausarta ta fi ta wasu Katsinawa daɗi. Tun ranar da na sauka ta ce ita jikata ce, saboda haka ta ɗauki wasan jika da kaka, tana kirana angonta. Ita ta riƙa ɗiga mini maganin ido kafin annoba. Da aka mayar da ita sashen masu cutar, sai ta daina shigowa, ta koma tsayawa daga matakala, da takunkumi a fuska, mu gaisa daga nesa.

Wata ranar da hantsi, yaron ya fita sayo abinci, ta tsaya ta ƙwanƙwasa ƙarfen matakala da mabuɗi.

“Angona, kana ciki, ko ka gudu wurin Larabawa ka bar ni?”

Na buɗe ƙofa na ce, “Wace Balarabiya ce za ta karɓi tsoho mai ido ɗaya sabo ɗaya tsoho? Ke ma haƙuri kike yi.”

Ta yi dariya, sannan ta ce, “To ashe tafiya za ku yi ku biyu, ba ko sallama?”

Na ce ni kaɗai ne mai tafiya, idan jirgin da aka ce zai kwashi 'yan ƙasarmu ya samu.

“Kujera biyu ya nema, Baba. Au, bai gaya maka ba? Na manta, ku ba ku magana, sai ka ce masu gaba.”

Na ce ba gaba ba ce, ladabi ne.

“Ladabin nan zai raba shi da aikinsa,” in ji ta. Ta zauna a kan matakala ta warware mini. Kafil ya tara direbobinsa ya ce ba shi da ikon riƙe su babu baƙi. Wanda ya yarda, zai mayar da shi tuƙa ƙaramar motar kaya, yana ɗauko buhuna da kwalaye daga rumbunan unguwar masana'antu, Industrial Area, zuwa kantuna, har Allah ya kawo sauƙi, sannan ya koma kan motarsa. Wanda bai yarda ba, a soke takardar zamansa, khalas, in ji Larabawa, wato shi ke nan, ya tafi gida, kuma wanda ya fita a irin wannan lokaci babu mai ce masa ga ranar dawowa. Ana jiran amsar kowa kafin jirgin ya tashi.

Na ce, “To me ya hana shi karɓar motar kayan? Ai aiki ne na halal.”

Ta dube ni ta saman takunkumi. “Kai ka hana shi mana. Kullum kana faɗin gero da dawa, kana faɗin masu jiran abinci daga hannun baƙo. Ya ce ya gane da shi kake. Ya ce kana nufin ya bar wankin motar Larabawa ya koma gona.”

Na ce da ƙasar nake, da manufofin hukuma nake, ba da shi ba.

“Angona, hukuma ce ke kwana a barandarka?”

Na san abin da ya sa ya ji haka. Tun yana yaro, duk umarnin da ya taɓa samu daga gare ni ta wannan hanya ya same shi: in faɗi magana ga iska, shi ya tsince ta. Wanda aka koya wa cewa “da za a samu ruwan zafi” umarni ne, ba shi da laifi idan ya ɗauki zancen gero a matsayin kira zuwa gida. Kuma na san abin da ke gidan: gonar gado da ƙannensa suka riga suka raba noma, da matarsa da 'ya'yansa da ke makaranta da ƙarfin wannan tuƙi.

Na roƙe ta ta isar masa cewa ina son ya zauna. Ta isar. Washegari ta dawo ta ce, “Ya ce in bar wasa. Ya ce ni na ƙirƙira don tausayi, shi ya ji abin da ka faɗa da kunnensa. Gaskiyarsa kuma, ni ba gwaggonsa ba ce. Sai dai ka buɗe bakin nan naka mai Turancin Ingila ka gaya masa.”

Na gwada. Ya kawo abinci, na gyara murya, ya tsaya a durƙushe yana jira, na dubi taga, abin da ya fito daga bakina shi ne a ƙara gishiri a miya. Wanda bai taso cikin wannan al'ada ba zai ga abin dariya ne. Ni na san nauyin da ya danne mini harshe, nauyi ne na mahaifina da kakana, kuma ban ɗauke shi abin yarwa ba.

A lokacin an soma sassauta doka. An yarda a fita, muddin wayar mutum ta nuna koren launi a manhajar lafiya, kuma kada a wuce mutum biyu a mota. Sai wata dabara ta zo mini. Bayan sallar la'asar na dubi taga na ce, “Mutum ya zo ƙasa ya yi watanni, bai ga inda ake kai baƙi ba. Idan aka tambaye shi a gida, sai ya ce ɗaki ya gani.” Na ji motsin cokali ya tsaya a baranda.

Da asuba, bayan mun yi salla, na tarar ya sa farar rigar aikinsa mai guga. Na nufi ƙofar motar ta gaba, sai ya riga ni ya buɗe ta baya, inda baƙi ke zama. A aljihun kujerar akwai gorar ruwa mai sanyi da ɗan tawul a naɗe. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Na shiga na zauna.

Muka bar gari muka yi kudu, titi fetal babu kowa. Inda kwalta ta ƙare akwai rumfuna da aka tanada don baƙi, duk a rufe, da raƙuma a durƙushe da siradansu masu ado, masu su na zaune a inuwa suna bin motarmu da kallo. Ɗaya ya miƙe da sauri yana ɗaga hannu, da ya ga dattijo baƙar fata da hula a baya, ya gane ba ciniki ba ne, ya koma ya zauna. Yaron ya tsaya, ya fita, ya tsuguna a gaban kowace taya yana rage mata iska. Da ya dawo ya kama sitiyari, sai na ji ya yi magana, da Turanci, da wata murya da ban san yana da ita ba, sakakkiya, mai fara'a.

Ya ce, “Yallaɓai, barka da zuwa hamada. Na rage iskar taya ne don ta yi faɗi ta zauna a kan yashi, in ba haka ba sai mu nutse. A ɗaura ɗamara, a kama mariƙin da ke sama. Idan an ji jiri a gaya mini.”

Ina jin ya faɗe ta ne kafin ya tuna wanda ke bayansa, domin na ga wuyansa ya ƙage. Ban bar shi ya ji kunya ba. Na amsa da irin Turancin da aka koya mana da bulala, na ce, “Na gode, direba. A ci gaba da bayani, ina saurare.”

Ya ce, “Yalla,” wato mu tafi, ya taka mota.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Tudun yashi ya kai tsayin bene, ya hau shi a karkace, ya tsaya a kan tsininsa har na ga sama kaɗai ta gilashi, sannan ya sake motar ta zame a hankali, yashi yana kuka a ƙarƙashinmu. Yana yi yana bayani: yadda yake gane yashi mai tauri daga launinsa, yadda iska ke matsar da tudu har hanyar jiya ta ɓace, inda bai kamata a taka birki ba ko da zuciya ta ce a taka. Ni da na yi rayuwata ina shiga aji ina auna malamai, na san wanda ya iya darasinsa idan na ji shi. Na riƙa yi masa tambaya yana amsawa, yana duban gaba, ina duban ƙeyarsa. A tafiyar nan na ji muryarsa fiye da yadda na ji ta tun haihuwarsa.

Muka gangara inda teku ya kutso cikin hamada ya kwanta tsakanin tuddai, ruwa shuɗi, shiru. Ya tsayar da mota, ba mu fita ba. Ya nuna mini wasu duwatsu a ɗaya gaɓar, kusa ƙwarai, ya ce, “Yallaɓai, can wata ƙasa ce. Daga can yawancin baƙina suke zuwa a da. Akwai wani mai iyali da kowace shekara ni yake nema, yaransa suna kirana kawu. Tunda aka rufe iyaka ban sake ganinsu ba.”

Na ce, “Direba, kana son aikin nan?”

Ya sake duban duwatsun. Sannan ya ce, “Ina sonsa, yallaɓai. Na iya shi. Amma mahaifina yana ganin ba aiki ne da mutum zai dogara da shi ba, kuma yana da gaskiya. Ga shi kowa ya rufe ƙofarsa, mun zauna.”

Na ce, “Mahaifinka, in na fahimce shi, tsohon malami ne, kuma tsofaffin malamai suna yi wa rediyo darasi idan sun rasa ɗalibai. Abin da ya faɗa a kan ƙasa ya faɗa, kuma ba zai janye ba. Masu mulki su ji da wannan. Bai ce mutumin da ya iya hawan tudun nan ya bar shi ya je ya karɓi fartanyar ƙaninsa ba.”

Na san Turanci ya kai ni iyakar inda zai kai ni, kuma idan na tsaya a nan zai iya cewa baƙo ne ya yi wa direba kara. Saboda haka na dubi ruwan ta tagar gefe, na koma Hausa, na ce, “A karɓi motar kayan. A zauna. Ni na ce.”

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari. Ya ce, “To, Baba.” Can ya fita ya buɗe bayan mota, ya zuba mini shayi mai madara a ƙaramin kofi irin wanda suke ba baƙi, ya miƙo ta taga da hannu biyu, ya koma gefe ya tsaya yana duban duwatsun. A hanyar dawowa ya tsaya a bakin kwalta ya mayar wa tayoyi iska.

Da yamma na ji shi a baranda yana waya da kafil, yana haɗa Larabci da Turanci. Jikar tawa ta sauko za ta tafi aiki, ta ƙwanƙwasa ƙarfen matakala.

“Angona, na ji an ce kujera ɗaya ce yanzu. Wa ya ara maka baki?”

Na ce wani direba na samu a hanya, mai hankali, shi na aika.

“Allah ya sa ka ba shi tukwici,” ta ce, ta wuce tana dariya.

Ni kaɗai na hau jirgin. Yaron ya yi watanni yana jigilar buhuna cikin zafin da ban taɓa jin irinsa ba, bai taɓa aiko da ƙorafi ba. Daga baya manyan ƙasashen nan suka shirya a tsakaninsu, kamar yadda suka ɓata ba tare da sun tambayi kowa ba, aka buɗe iyaka, ciwon ya lafa, ya koma kan motarsa. Ƙaninsa ya nuna mini hoto a waya: ga shi tsaye a bakin ruwan nan, da wasu samari Larabawa da suka fi shi tsawo sun dafa kafaɗarsa, wai su ne yaran da ke kiransa kawu.

Idan ya zo hutu, yana durƙusawa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina duban wani wuri, ya tashi. Ban kama sunansa ba, kuma ba zan kama ba. Sai dai idan rediyo ta ce an sake samun hayaniya a yankin, ko wata ƙasa ta gargaɗi mutanenta game da tafiya, nakan rage muryata kafin in yi sharhi, sannan in kira ɗaya daga cikin 'ya'yansa in ce, “Je ka buga waya ka tambayar mini direban nan, baƙi suna zuwa kuwa?”